Faɗuwar Gaba a Hanyar Zurmi

Tun asuba muka tashi muka kintsa, amma ba mu bar Ƙaura ba sai da rana ta ɗaga sosai. Yanzu babu direban da ke kama hanyar Zurmi da duhu-duhu. Sai motocin farko sun shigo daga can, an tambaye su lafiyar hanya, sannan a fara lodi. Tare da gwaggona na tafi, ƙanwar mahaifina, sai jaririna a goye.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, ga shi a taƙaice. Bara maigidana ya rasu a hanyar Shinkafi, ranar kasuwa, mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka tare motarsu. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Ya bar ni da ciki, na haifi namiji, aka mayar masa da sunan ubansa. Mahaifiyar marigayin, wadda muke kira Inna, tana Zurmi wurin 'yarta tun da suka baro ƙauyensu na wajen Gurbin Bore. Idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, ko suna ba ta samu zuwa ba. Kwanan baya aka aiko cewa ta rage cin abinci ƙwarai, kuma magana ɗaya take ta maimaitawa: a kawo mata ɗan ta taɓa shi.

Ba wannan ne karo na farko da na shirya ba. A gidanmu, in mutum zai yi tafiya gabansa ya faɗi a bakin ƙofa, to ya fasa ke nan. Cewa ake jikinsa ya ba shi, kuma ba a jayayya da jiki. Ni kuwa tun rasuwar nan gabana bai huta ba. Yakan zo kamar an saki guga cikin rijiya ba a riƙe igiya ba. Daga nan sai bugu, in ji shi a maƙogwaro, a cikin kunne, har a kan yatsuna. Ina tankaɗe yana zuwa, ina sujada yana zuwa, waya ta yi ƙara ya zo. Duk ranar da na goya yaro na nufi ƙofa, Gwaggo za ta dubi fuskata ta ce a kwance kaya.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar asibiti ce, 'yar Filato. Ita ta kai ni aka auna ni, aka saurari ƙirjina. Aka ce zuciyar lafiya lau take, jinina ne ya yi ƙasa bayan haihuwa, aka ba ni magani. Da muna dawowa ta ce mini wanda ke cikin baƙin ciki yana yawan kasa kunne ga jikinsa, har ya riƙa jin abin da dā ba ya lura da shi. Na kai wa Gwaggo wannan magana. Ta ce na'urar asibiti ba ta jin abin da ke tafe.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba sai a tafiyar nan. Lokacin zaman makoki, duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni, "Ke jikinki bai ba ki ba?" Sannan ta ba da nata labarin. Wannan idonta ya yini yana rawa, waccan ƙwarya ta suɓuce mata. Aka ce Inna ma can Zurmi, a daidai lokacin, zumbur ta miƙe ta dafe ƙirji. Da safiyar ranar ana yi mini kitso ne, ina ta dariya, ban ji ko ɗar ba. Na daɗe ina tambayar kaina wace irin mata ce ni, da kowa ya ji ban da ni.

To, ranar tafiya ina ɗora ƙafa a bakin zaure ya faɗi. Gwaggo tana gefe tana kallona.

"Ya hwaɗi ko?"

"Ya faɗi."

"To sauke yaron ga."

Na ce, "Jiya ma ya faɗi ina tankaɗe, Gwaggo. Me ya samu garin? Ba da shi muka yi tuwo ba?"

Na fita. Ban kai bakin titi ba na ji takalminta a bayana, tana mita, wai in za a kwashe ni gara a kwashe mu tare, don ba ta da bakin yi wa ubana bayani.

Tasha cike take, amma ba hayaniya irin ta dā. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, kuma ba a ragi. Ɗan kamasho ya ce kuɗin mai ne da kuɗin kasada. Gwaggo ta sayi hoce, wainar dawar nan tamu mai tauri, ta ɗaga ɗaya sama ta tambayi mai tallar ko maɓallin riga ta koma sayarwa. Mai hoce ta ce ta je ta tambayi kuɗin dawa tukuna ta dawo su yi magana. Aka cusa mu a bayan wata ƙaramar mota, mu da wani dattijo mai fataucin albasa da wata mata mai kaji a kwando. Na kwance yaron na rungume shi a ƙirji. Kafin direba ya tayar da mota Gwaggo ta riga ta ba kowa tarihina, har da faɗuwar gaban.

Damina ta yi kyau bana. Kusa da Ƙaura gero ya fi mutum tsawo, ya fitar da kai, dawa kuma ta yi duhu. Amma da aka yi nisa sai ka ga gona ɗaya an nome, na kusa da ita ciyawa ta cinye, ba wanda ya taka su. Nan ba a tambayar dalili. Shingayen jami'an tsaro da na 'yan sa-kai muka yi ta wucewa, buhunan yashi da tsofaffin tayoyi, direba ya rage gudu ya ɗaga hannu. Tun a shinge na farko ya kashe rediyo. Ramuka kuwa ba a magana. Duk wanda muka faɗa sai kajin su yi kuka, dattijon ya yi salati, ni kuma gabana ya amsa. Abin da na lura shi ne, da kan yaron a ƙirjina, wani lokaci ba na iya raba bugun nawa da nasa. Nasa ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba, kuma barcinsa yake yi hankali kwance.

Mun wuce Dauran da kaɗan direba ya gangara gefen titi, ƙarƙashin wata tsamiya, inda muka tarar da wasu motoci a tsaye. An jima babu abin da ya fito daga wajen Zurmi, ko babur. A hanyar nan, shirun titi shi ne abin tsoro. Direbobi suka taru suna gwada waya, ba sabis. Sai dattijon nan ya nuna ni da haɓa.

"Ku tambayi baiwar Allah wagga. Wanda hanya ta taɓa ci mai nashi, jikinai ba ya ƙarya."

Direba ya leƙo ta taga. "Hajiya, don Allah mi jikinki ya ba ki? Wallahi in kin ce mu koma, yanzu in juya."

Kowa ya zuba mini ido, har mutanen sauran motocin. A lokacin ƙirjina bugawa yake kamar ana daka a ciki. Gwaggo ta gani, don tana ganin jijiyar wuyana. Na san kalma ɗaya zan faɗa motocin nan duka su juya Ƙaura, kuma na san ba lallai Inna ta jira wani shirin ba.

Na ce, "Malam direba, gabana faɗuwa yake, ba zan ɓoye maka ba. Haka ya faɗi jiya a tsakar gida, haka shekaranjiya. Ranar da aka kashe mijina kuwa bai faɗi ba. Kada ku tambayi ƙirjina, bai san hanya ba. Ku jira wanda ya fito daga can ku tambaye shi."

Ban taɓa furta wannan da bakina ba sai ranar, gaban baƙi, a gefen titi. Matar nan mai kaji ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa.

Muka jira. Rana ta take, yaro ya farka na ba shi nono, Gwaggo ta raba hocenta duk da ƙanƙantarsa. Can sai ga wani mai babur, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya ce ruwan da aka yi ne ya cinye gefen wata kwalbati, babbar mota ta kafe ta toshe hanya, yanzu aka samu aka ja ta. Gwaggo ta gyara zama ta ce ai dama ita jikinta ya ba ta laka ce. Har dattijon sai da ya yi dariya.

Kada wani ya ɗauka ina cewa hanyar lafiya take. Gaba kaɗan mun wuce ƙonanniyar mota a cikin ciyawa, kowa ya kawar da kai. Da mai babur ya kawo wani labari daban, da ni zan fara cewa a juya.

Mun shiga Zurmi bayan azahar. Garin ya cika da baƙin fuska, mutanen ƙauyuka da suka dawo ciki, kusan kowane zaure da tabarmi da ƙullin kaya. A bakin kasuwa ana gasa sabuwar masara, ga yalo da gyaɗa tuli-tuli, sun fi na Ƙaura araha. Gwaggo ta sayi goro, wai ba a shiga wurin suruka hannu sake.

Inna tana kwance a ɗaki, ta rame har na kusa ban gane ta ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar ba, hannuwa kawai ta miƙo. Aka tayar da ita zaune na ɗora mata shi. Ta fara da kunnuwa, ta shafa goshi, ta bi hanci, ta ƙirga yatsun ƙafa. Sannan ta zura tafinta cikin rigarsa ta ɗora a ƙirjinsa. Ta daɗe a haka. Hawaye na bin fuskarta, bakinta na motsi.

Da ta gama sai ta ce, "Wanga miji nawa ya zaka ganin amarya ba ko goro?"

Gwaggo ta ce ga goro nan, ita ya aiko ta sayo.

Daga nan Inna ta lalubo ni, ta kama wuyan hannuna, ta kai ɗaya hannun ƙirjina. "Ke kuma wanga gudu hwa? Wa ya koro ki?"

Na ce haka yake tun ranar rasuwar. Sai na ji maganar ta fito da kanta. Na ce, "Inna, an ce ke kin ji a jikinki. Ni ban ji komai ba. Kitso ake mini."

"Wa ya ce na ji?"

"Kowa."

"Hura nika sha," in ji ta. "Har na nemi ƙari. Ni da na haihe shi ban ji ba, ɗiyata. Ƙirjin da sunka ga na dahe, bayan an hwaɗa mani ne. Mutane na son su ce sun sani. Allah kaɗai ya sani."

Na kifa kaina a ƙafarta na yi kukan da ban yi ba a zaman makoki. Ta bar ni na yi, hannunta ɗaya a bayana, ɗaya riƙe da jikanta. Da yamma aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta ce a zuba mata, kada mijinta ya ce an aura masa ƙashi. 'Yarta ta fita tsakar gida tana share ido.

Kwana muka yi, washegari da hantsi muka kamo hanya. Da za mu fito Inna ta sa na yi mata alkawari zan dawo da shi in ya yi haƙori, wai tana son ta ji ko zai iya cizon matarsa. Dawowar ba ta da labari. Ramukan suna nan, shingayen suna nan, gabana ya faɗi inda ya saba faɗuwa. Muka iso Ƙaura lafiya kafin la'asar, alhamdu lillahi.

Abin da na koyo bai da yawa. Jikina yana gaya mini gaskiya a kan kansa. In jini ya yi ƙasa ya faɗa, in tsoro ne ya faɗa, in kewa ce ya faɗa, kuma ina saurarensa, ina shan maganina. Amma bai san abin da ke bayan kwanar hanya ba, bai kuma taɓa sani ba. Mutanen daji sun ɗauke mini miji, sun raba Inna da gidanta, sun bar gonaki a ciyawa. Ba zan ƙara musu da ƙirjina su riƙa tsare ni da shi a ɗaki ba. Labarin hanya wurin masu fitowa daga hanya zan nema, in yi addu'a, in tafi.

Jiya da nake wanke wa yaron baki na ji wani abu mai kaifi a dasashinsa na ƙasa. Na aika wa Gwaggo ta fara shiri.