Ƙofar da ke Bayan Madafa

Idan na ce a yarinta na sha ratsa rabin unguwarmu ta Barkin Sale a Minna ban taka titi ba, sai 'ya'yana su kalli juna su yi murmushi, wai Umma ta fara. To, su yi ta yi. Ni dai na san inda ƙafata ta taka.

Kakana ne ya gina gidanmu, bayan ya bar aikin jirgin ƙasa ya ga ba zai koma Kano ba. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, ga zaure a gaba na maza. A can baya kuma, tsakanin madafa da bishiyar mangwaro, akwai 'yar ƙofa a jikin katanga, wadda sai babba ya sunkuya zai shige. Ba ta da ƙyaure, wani tsohon buhu ake ratayawa saboda awaki. Tana faɗawa ne cikin gidan Nna, wata Banufiya 'yar Bida, aminiyar Innarmu. Gidajen biyu baya suka ba juna, namu yana kallon layinmu, nasu yana kallon wani layi dabam. A gidan Nna ma akwai irin wannan ƙofa zuwa gidan gaba, gidan gaba ma haka. Maza suna da titi da zaure da dakalin masallaci. Mata kuwa wannan ce hanyarsu, kuma ba wanda ya taɓa zama ya tsara ta.

Har yanzu idan zazzaɓi ya kwantar da ni da rana na lumshe ido, ita nake bi. In ɗaga buhu in faɗa tsakar gidan Nna, shinkafa a shanye kan tabarma, ƙamshin busasshen kifi yana tashi daga tukunya. In wuce gidan mai ƙuli-ƙuli, inda ƙasa ta yi baƙi da mai. In ratsa gidan ɗinki, ƙyallaye ja da kore zube a gindin keke. Ko'ina sai an ce, "'Yar gidan wa? Au, ke ce. Zo riƙe min jaririn nan." Can nesa jirgi ya yi kuka, masu daka su dakata su saurara, sannan taɓarya ta ci gaba. A tunanina hasken hanyar nan kullum na hantsi ne, alhali na sha bin ta cikin ruwa, ina tsalle daga wannan dutse zuwa wancan.

Ta nan garwashi yake yawo da safe a kan fasasshen kasko. Ta nan ake jin naƙuda ta tashi tun mai gidan bai sani ba. Da famfon unguwa ya lalace, ta nan mata suka gama magana kan wa zai je ofis, wa zai nemo mai gyara. Washegari maza suka zauna a dakali suna gyaran murya, su a dole su ne suka yanke shawara.

Inna kuwa tana shiga gidan Nna da ɗaurin ƙirji, ludayi a hannu, sai ta kai tsakar gida sannan sallamarta ta biyo baya. Wani lokaci ba abin da ya kai ta. Su zauna a inuwa suna tsince shinkafa, ba mai cewa uffan, har a kira azahar. Nna takan ce min, "Yaro, ka zo ka ci," Inna ta yi ta dariya tana cewa 'yar tawa mace ce fa. Nna ta harare ta ta ce, "Hausa naka ne, amma miya nawa ya fi naka." Kuma wallahi gaskiya ta faɗa.

Ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya suka tafi. A sayar da gida, sabon mai shi ya rushe ya ɗora bulo. A yanka wani a zuba 'yan haya. Har na yi aure na koma unguwar Tunga, na haihu, tamu ce kaɗai ta rage, tsofaffi biyu suna sunkuyawa a cikinta da ƙyar, kowacce tana dafe da gwiwa.

Sai wata damina aka yi ruwa irin na Minna, wanda ba ya jin bari, katangar baya ta zube. Babban wanmu, da muke kira Yaya, ya kawo magina. Ranar da na je dubawa, bulo ya riga ya wuce kaina, a miƙe sak, ba ko 'yar kafa.

Na ce, "Yaya, ina ƙofar Inna?"

Ya ce, "Wace ƙofa? Ke da kike zaune bayan get da waya mai ƙaya a kan katanga, so kike a bar wa tsohuwa rami ɓarayi su riƙa shigowa? Da ɗan Nna muka yi shawara."

Kai, na yi masifa ranar, har magini ya ajiye cokalinsa yana kallona. Na ce su biyun da suka yi shawara, wanne ne a cikinsu ya taɓa bin ƙofar tun da ya yi gemu? Inna tana zaune a kan turmi tana kallonmu. Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ja da shi a gaban magina. Shi kuma ba mugunta ba ce, tsoro ne, na sani. Da yamma ya kawo wa Inna wayar hannu sabuwa fil, ya sa mata lambar Nna.

Na tambaye ta daga baya ko tana kira. Ta ce, "In kira ta in ce mata me?"

"To da can me kike ce mata?"

"Ba komai," in ji ta.

Da fari sun gwada ɗaga murya ta saman katanga. Amma kunnen Nna ya yi nauyi, ga ƙarar janareton maƙwabta, ga kunyar duniya ta ji tsofaffi suna ihu. A hankali suka daina.

A Kasuwar Kure, ina auna gero, na ci karo da surukar Nna. Ta ce ai Nna ta kwana biyu a asibiti, amma an sallame ta. Matar da ke kwana bayan madafarmu ta yi ciwo ta tashi, Inna ba ta ji ba.

Na je na faɗa wa Inna. Washegari ta yi wanka, ta ciro atamfa daga ƙasan akwati, ta shafa turare, ta yafa babban mayafi. Gwiwarta ba za ta iya zagayen ba, sai na tare keke napep. Muka fita layinmu, muka hau titi cikin 'yan acaɓa, muka karya kwana, muka sake karyawa, sannan muka tsaya a gaban baƙin get. Na ƙwanƙwasa, wata jika ta leƙo ta tambayi su wa za a ce.

Aka kai mu falo. Aka kawo lemo a faranti da kofuna masu fure. Nna ta fito da sanda, ta rame, ita ma ta yafa mayafi. Ina gajiya, ya jiki, ya ruwa, ya yara. Suka gama gaisuwa suka sake ɗauko ta daga farko. Kowacce ta ɗora hannu a cinya, fanka tana juyawa a kansu. Na ji tausayinsu har na rasa inda zan sa idona. Da muka miƙe, Nna ta dogara sandarta ta biyo mu har bakin get, ta tsaya tana ɗaga hannu.

Muka hau keke muka juyo. Sai da muka shiga gida ta zauna a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, "Kin ga abin da ta yi min?"

Na ce, "Me ta yi, Inna? Ai ta karɓe mu hannu biyu."

"Ta raka ni," in ji ta. "Tun ina amarya nake shiga gidan nan, ba ta taɓa tashi don zan tafi ba. Yau ni ce aka raka har ƙofa."

Daga ranar, duk lokacin da na ce mu je mu duba Nna, sai ta ce a bari sai da Sallah.