Bakan Gizo a Bangon Aji Biyu

Har yau ban manta da Talatar da na fito da bakan gizo a bangon aji ba. Shekarun fari ne, ina mataimakiyar malama a wata firamare kusa da Haɗeja. Mataimakiya ita ce wadda ba ta je kwalejin horon malamai ba. Ni takardar yaƙi da jahilci kawai gare ni, kuma gwajin zango ɗaya aka ɗauke ni.

Darasin ranar a kan haske ne. Na zuba ruwa a tasa, na jingina madubina a ciki, na ajiye inda rana ke shigowa ta taga. Sai ga ja da rawaya da kore da shuɗi sun kwanta a bango. Can wata yarinya ta ce, "Malama, bakan gizo ne!"

Kuskurena, na manta abin da mu ma muka tashi muna ji, wai bakan gizo shanye hadari yake yi. Ga damina ta tsaya, gero sai ƙonewa yake a gona.

Washegari rabin aji bai zo ba. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malama Asabe, in yaran nan ba su dawo ba zuwa Juma'a, ba ni da bakin kare ki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in gayyato iyayen."

Ranar Alhamis mutum uku suka zo, har da Baba Gambo, wani tsohon masunci mai jikoki biyu a ajin. Ko zama bai yi ba.

"'Yar nan, sama ta ƙi mu, ke kuma kin kawo mai shanye ruwan har cikin ɗaki?"

Na ce, "Baba, ɗan auna mana ruwan tasar tukuna."

Ya tsoma tsinke, ya karya shi daidai inda ruwa ya tsaya. Na ba shi madubin, shi da kansa ya jingina, launuka suka fito. Na tare taga da mayafina, suka ɓace. Na janye, suka dawo. Haka muka yi ta yi har ya gaji. Ya sake tsoma tsinken, ruwa na nan yadda yake.

Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, "Ai nakan ga irinsa da hantsi cikin feshin ruwa, in na watsa birgi, tarun kama kifi, a kogi. Ban kuma taɓa zargin kaina ba."

Sai ya juyo ya tambaye ni.

"Bakan gizon sama fa?"

"Shi ma haske ne da ruwa, Baba."

"To, wannan sai na yi tunani. Amma yara za su zo."

Ran Juma'a aji ya cika, ko da yake ruwan sama bai sauka ba sai bayan mako biyu. Ƙarshen zango aka tabbatar da ni a aiki.

Ku da kuke fara koyarwa, ku sani yaro ba shi kaɗai yake shigowa aji ba, da gidansu yake zuwa. Tun daga ranar, duk abin da zan nuna wa yara wanda ake tsoro a gida, sai na fara sa shi a hannun babba.