Iya Altine da Ƙullutu Mai Ji

Kafin rana ta hau rufin gidajen Pelourinho, unguwarmu a wannan ƙasa ta ƙetaren teku da aka kawo iyayenmu bayi, Iya Altine ta riga ta ɗora kaskon ƙosai a gindin gangaren titin da ake kira Ladeira da Praça. Masu dako su saya su wuce. Wasu matan kuwa sai su yi ta jan ƙafa har ta sauke kasko, su bi ta ɗaki, su kwance zane.

Tun tana baiwa take duba mata masu ƙullutu a nono, ta 'yantu ba ta daina ba. Ba ta taɓa cewa tana warkarwa ba. Tambaya take yi: in jinin wata ya kusa, abin yana kumbura, ko yana nan yadda yake? A wurinta ƙullutu iri biyu ne. Akwai mai ji, wanda ke tashi da jinin mace, ya ƙaru da ciki, wani lokaci ya lafa in jini ya ɗauke. Akwai kurma, wanda ba ya sauraron komai, mai shi sai ta nemi likita mai wuƙa ba jira. Uwani mai wankau a unguwar Itapagipe ta shaida cewa ranar da likita ya yanke mata nata, Iya ce ta riƙe mata kai tana yi mata salati a kunne.

Bara abin ya shigo gidanmu. Innata Lantana ta ɓoye nata har na gani tana wanka. Ni da babana Zubairu ya koya wa karatu, ni da ba na sunkuyar wa farar mace kai a kasuwa, ranar sai ga ni na ruga da ita wurin Iya.

Iya ta taɓa, ta yi tambayarta, ta ce mai ji ne, a dakata da haihuwa, a riƙa zuwa duk wata. Inna ta ce Baba na son ɗa namiji.

"Turo mini shi," in ji Iya. "Wanda ya haye teku a ɗaure, jira ba zai kashe shi ba."

Ke ce kika faɗa wa maza abin da matansu suka kasa faɗa, Iya. Ke ce hannun da bai ƙyamaci ciwo ba.

Yanzu jinin Inna ya fara tsallake wata, alamar ya kusa ɗaukewa, amma ƙullutun bai tafi ba. Yatsun Iya kuma tsufa da ƙunar mai sun kashe su. Zuwanmu na ƙarshe ta lalubi nonon ta daɗe, sannan ta kamo hannuna.

"Nawa sun daina ji, 'yar nan. Sa naki. Yana nan kamar ƙwayar wake, ko ya fi?"

Na ce yana nan. Ban sani ba ko yatsana ne ya amsa ko tsorona. Ta ce mu dawo wata mai zuwa in sake taɓawa, kada in yi wa uwata ƙarya don tausayi.

Mun gode, Iya, Allah Ya saka. 'Yan mata 'yan'uwana, ku zo ku koya tun tana iya riƙe mana hannu. Ni zan koma, ko me zan tarar.