Feshin Ɗakin Baba

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ita ce shekarar da Baba ya kwanta. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi a gona, daga ranar komai a kan shimfiɗa yake yi. Inna tana wanki safe da yamma, amma ɗakin jinya ɗakin jinya ne. Da aka yi wata biyu, Baba ya ce kada a ƙara shigo masa da 'yan dubiya. Mutumin da zaurensa a Garo ba ya rabo da jama'a, sai ga abokansa suna barin gaisuwa a bakin ƙofa suna juyawa. Turaren wuta kuwa tari yake sa shi har ya shiɗe.

Ni a lokacin malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kabo, kuma ina ji da kaina. Na tambayi kuɗin gwangwanin feshin ɗaki a kanti, na mayar da shi inda na ɗauko a hankali. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, albashi ba ya ganin tsakiyar wata. Sai na ce wa Inna ai abin da Bature ya ɗura a gwangwani ba tsafi ba ne, ni ma zan haɗa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ba ta ko ɗago kai daga wankinta ba.

Ranar kasuwar Gwarzo na sayi man kanumfari da man na'ana'a a wurin mai turare, na samo kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski. Saura sifirit, domin mai ba ya narkewa a ruwa, darasin da nake cusa wa 'yan aji ɗaya da bulala. A nan gizo ke saƙar. Gari duk maganar haramcin giya ake yi, ni kuma na san sifirit da giya uwa ɗaya uba ɗaya ne. Sau uku ina wuce wani kyamis ban shiga ba. Da na shiga, na yi ƙasa da murya na tambaya. Mai shagon ya ce da ƙarfi babbar kwalba ko ƙarama, ya miƙo, ya juya ga mai neman maganin mura. Duk da haka na cusa kwalbar a ƙarƙashin babbar riga, kuma a mota duk wanda ya dube ni sai in ga ɗan hisba ne. Har wurin limamin unguwarmu na biya da tambaya, wai wani abokina ne ya aiko ni. Ya ce in gaya wa abokin nawa malamai sun yi saɓani a kan shafawa, amma dai kada ya sha.

A bayan rumbu na yi haɗin, ina ƙirga ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Inna ta leƙo ta ce kanumfarin ya yi yawa. Na ce mata wannan lissafi ne, ba miya ba.

Bayan azahar Baba ya sami barci, na shiga na feshe kusurwa huɗu, na ƙara wa labule. Ashe kanumfari da sifirit in sun haɗu, warin ɗakin cire haƙori suke bayarwa. Baba ya farka yana atishawa, ya dubi rufin ɗaki, ya tambaya wa ya kawo shi asibiti bayan ya hana. Inna ta fita tsakar gida ta yi dariyar da rabonta da ita tun kwanciyarsa. Ni kuwa na tsaya da kwalbar masu aski a hannu ina bayanin yadda sifirit yake bin iska.

Baba ya bari na kai aya, sannan ya ce in matso. Na yi taku biyu. Ya ce in ƙara.

"Ka san abin da ya sa na hana mutane shigowa?"

Na ce saboda wari ne, kuma shi nake ƙoƙarin gyarawa.

"Ni ba na jin sa. Innarka ba ta taɓa nuna min ba. A fuskarka na gani. Kullum daga bakin ƙofa kake gaishe ni, kana riƙe numfashi. Na ce idan ɗana haka, ina ga ɗan wani."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai ta dawo min sabuwa. Na ajiye kwalbar a ƙasa, na zauna a bakin gado, na ɗora ƙafarsa da ta shanye a cinyata ina matsawa. Ɗakin yana warin asibiti da warin jinya gaba ɗaya, na shaƙa na cika ƙirji.

Da la'asar aka yi sallama a zaure, muryar wani aminin Baba ce. Inna ta leƙo tana shirin zuwa ba da haƙurin da ta saba. Baba ya dube ni, na ci gaba da matsa ƙafar.

"Ki ce ya shigo," ya ce mata.