Auduga, Ƙanwata da Ba a Runguma

Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina tsaye a kantin magani ina saya miki bandeji, wayata ta yi ƙara. Ƙaninmu ne. Bai yi sallama ba, ya ce, "Yaya, ki bar sayayyar nan ki taho. Auduga ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce masa ƙarya yake yi, a gaban mutane, da ƙarfi. Mai kantin ya miƙo mini ledar, ni kuwa na karɓa na yi godiya, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta gama yarda ba.

Ƙanwata, da wata cuta aka haife ki wadda likitoci suka ce ba kasafai ake ganinta ba. Fatarki ba ta jure guga. Ɗinkin riga, bakin takalmi, ko a riƙe ki da ɗan ƙarfi, sai wurin ya yi bororo ya sale. A kan matashin kai Mama ta raine ki, ba ta taɓa goya ki ba. Baba ne ya laƙaba miki Auduga saboda yadda ake naɗe ki, sunan ya bi ki har wurin aiki. Rigunanki duk a juye ake ɗinka su, ɗinkin yana waje. Kin girma a gidan da kowa ke ƙaunarki, amma babu wanda ya taɓa rungumarki. Kin san haka, mun san haka, ba mu taɓa zancen ba.

Duk da haka ba ki zauna a ɗaki ba. Ke ce mai amsa waya a ofishin kamfanin motocin haya, kuma direbobi sun fi shakkar muryarki fiye da ta manaja. Ranar da wata sabuwar ma'aikaciya ta buɗe hannu za ta rungume ki, kika ja baya kina dariya kika ce, "'Yar'uwa, ni da ido ake taɓa ni, kamar kayan gilashi a kanti." Ta ji kunya, kika raba shayinki da ita, ta zama aminiyarki.

Ban manta matar nan da aka haɗa ku a asibiti ba, wadda ta haifi jariri mai irin cutarki, ta kwana biyu tana tsoron ɗaukarsa. Kika zauna kusa da ita kika nuna mata: hannu ɗaya ƙarƙashin kai, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, kada a ɗaga ta hammata. Kika ce mata, "Dube ni da kyau. Ina aiki, ina cin albashi, ina faɗa da direbobi. Naki ma zai yi." Jiya ta zo gaisuwa da yaron, yana tafiya da ƙafarsa.

Abin da ke gigita ni shi ne, mu da muke ganin babu ciwon da ba mu sani ba, ciwo ne ya shammace mu. Tun ina budurwa nake wanke miki ciwo kowace safiya kafin mu fita. Mun saba wannan ya warke wancan ya buɗe. Don haka da ciwon ƙaurinki ya ƙi rufewa, bakinsa ya yi kauri, muka canza man shafawa muka ci gaba da harkokinmu. A wani gidan, ciwo irin wannan da gudu za a kai shi asibiti. A namu gidan ɗaya ne cikin goma. Ke ce ma kika fara cewa, "Yaya, wannan baƙon ba ya jin maganarmu." Aka yanki ɗan nama aka gwada. Likita ya ce kansar fata ce, wadda kan biyo bayan irin cutarki, kuma ta riga ta bazu. Ya ce akwai sauran watanni. Ko mako biyu ba ki ƙara ba.

Ranar Litinin da yamma ina gefen gadonki, Mama na zaune a kujera, hannuwanta a kan cinya kamar kullum. Kika dube ta kika ce, "Mama, ki riƙe ni yadda kike riƙe jikokinki."

Ta ce, "Zan ji miki ciwo, 'yar nan."

Kika ce, "Ki ji. Ina so in san yadda abin yake."

Mama ta dube ni. Ni da na shafe rayuwata ina ce wa mutane "a hankali", sai na matsa na ba ta wuri. Ta tashi ta hau gadon, ta jawo ki ƙirjinta ta matse. Kin yi 'yar ƙara, sannan kika kwantar da kai kika ce, "Ashe haka yake. Kada ki saki." Ba ta saki ba har kika yi barci. Na tafi gida ina lissafin yawan bandejin da bayanki zai ci da safe. Wallahi ban kawo a raina sallama ce ba.

Rigar Mama ta ɓaci a ƙirji da hannuwa. Ta ninke ta, ta hana a wanke.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninmu, da abokan aikinki, da duk wanda muryarki ta taɓa kwantar wa hankali. Ya Allah, Ka jiƙan baiwarka, Ka yafe mata, Ka sa kowane ciwo da ta ɗauka ba tare da ƙorafi ba ya zama kaffara. Ka haskaka kabarinta, Ka sanya ta a Aljanna da jikin da ba ya ciwo. Ka ba mu haƙurin rashinta. Ka ba Mama juriya ta musamman, domin sau ɗaya ta rungumi 'yarta, washegari aka karɓe ta.