Goran Ja'afaru

A zamanin da ƙasar Hadeja ke fama da yaƙe-yaƙe, tun Nasara bai san hanyar nan ba, mutanen ƙauyukan fadamar Baturiya abu ɗaya suke tsoro: mahara su faɗo musu a kan dawaki, su kwashe shanu da mutane. Ja'afaru kuwa ko a jikinsa. Shi ruwa yake tsoro. Abin dariyar shi ne, ɗan masunta ne gaba da baya. Ubansa a cikin ruwa ya tsufa, kakansa ma haka.

Ga mafarin abin. Yana sabon ango ya fita su tare da wansa Umara. Kowa ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora, yana tuƙi da ƙafa, homar kamun kifi a hannu, kamar yadda masuntan wurin ke yi. Ashe goran Umara ya tsage, bai duba ba. Ruwa ya cika shi, homa ta naɗe wa Umara ƙafa, ya nutse Ja'afaru yana kallo. Daga ranar bai ƙara taka ruwan da ya wuce idon sawu ba. Darasi ɗaya ya ɗauka, ya kuma riƙe shi gam: rashin dubawa ne ya kashe Umara.

Ya ajiye sana'ar su, ya bar gonar shinkafarsu ta fadama ta zama makiyayar shanun Fulani, ya koma noman gero a jigawa. Amma hankalinsa bai kwanta ba, don ya tabbata kogin da ya ci wansa wata rana zai biyo shi har gida. Sai ya shuka duma, ya zaɓi goran da ya fi kowanne girma, ya rataya shi a baya. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa kasuwar Hadeja, in zai yi salla ya jingine shi a ƙofar masallaci yana waige. Safe da yamma, kai har tsakanin lomar tuwo, sai ya jawo shi, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa a gefen ciki, wuri ɗaya kullum, don ya ji ko ya tsage. Bai taɓa gwada shi a ruwa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "In na sa shi a ruwa, ai ni ma sai na shiga."

Gari ya sa masa suna Na-Gora. Dattawa suka yi masa faɗa, suka ce faɗuwar gaba asarar namiji. Liman ya ba shi rubutu ya sha, ya tuna masa ajali ko a kan tudu yana samun mutum. Ja'afaru ya ce haka ne, Allah gafarta Malam, ya koma gida ya ƙwanƙwasa goransa.

Jikinsa ne ya sha wahalar abin. Mutumin da a da yake share malmala uku yana neman ƙari, ya koma in ya yi loma biyu ƙwannafi ya taso masa. Da hadari ya haɗu, cikinsa ya ruɗe, sai bayan gida. Zuciyarsa takan buga har ya dafe ƙirji ya zauna a kan kunyar gona, gumi na karyo masa. Barci kuwa sai dai gyangyaɗi. Ya rame, wuya ya yi tsawo, har yara kan ce goran ne ke ɗauke da shi.

Wadda ta fi shan wahala ita ce matarsa Saude, 'yar bakin kogi, wadda ke nitso ta tsinko bado tun tana yarinya. Saurayi mai fara'a ta aura, ta wayi gari da mai gadin gora. 'Yarsu ɗaya, Ramatu, ta yi aure can wajen Kaugama, ta haifi ɗa namiji. Saude takan je ta dawo. Ja'afaru bai taɓa zuwa ba, don sai an haye ruwa. Kowace shekara yakan ce sai rani in ruwa ya janye, in rani ya yi kuma ya ce bai gama janyewa ba. Ramatu ta yi fushi, ta rantse ba za ta kawo yaron ba sai ubanta ya tako da ƙafarsa.

Shekaru suka ja, furfura ta cika masa gemu. Sai wata shekara, marka ta yi marka, da hantsi kogi ya ɓalle ya nufo gari. Maganar gaskiya, da Ja'afaru ya ji ihu har wani daɗi ya ji. Ai ga shi, ya faɗa!

Maƙwabta, waɗanda ba su taɓa tanadin ko ludayi ba, suka saɓa yaransu, suka kora awaki, suka bi ta cikin ruwa iya gwiwa zuwa tudu. Saude ta ce, "Malam, taso mu bi su tun ruwan bai yi yawa ba."

"In taka wannan? Ke dai tafi. Ni ina da gora."

Ya haye kan rumbu ya rungume abinsa. Saude ta tsaya a ƙasa tana masifa, ruwa na hawa. Can gindin rumbun ya jiƙe, ya fara zubewa. Ja'afaru ya yi kalmar shahada, ya runtse ido, ya faɗa kan goran da cikinsa. Sai ji aka yi ɓus! Daidai wurin da ya yi shekara da shekaru yana ƙwanƙwasawa, yatsansa ya cinye shi ya zama kamar ɓawon ƙwai. Goran ya dare biyu, Ja'afaru ya yi ƙasa, yana shan ruwa yana kiran sunan Umara.

Saude ta cafko wuyan rigarsa ta jijjiga shi. "Malam! Miƙe tsaye mana!"

Ya miƙe. Ruwan iya ƙirjinsa ne.

Haka suka tafi, yana riƙe da gefen zanenta, inda ya yi zurfi ta ja shi da iyo, har suka kai tudu. Gero ya tafi, ɗaki ya rushe, mata na ta salati. Wani ya miƙo masa bandar tarwaɗa da ɗumamen tuwo. Ja'afaru ya cinye tas, ya side hannu, ya miƙe a gindin wata tsamiya. Barcin da ya yi, sai da Saude ta riƙa kai hannu hancinsa tana duba numfashi.

Bai farka ba sai washegari da rana ta take. Ya shafa ƙirji, shiru. Ya saurari cikinsa, lafiya lau. Ya dubi ruwan da ya shafe gari, ya ji gabansa bai faɗi ba. Saude tana zaune kusa da shi tana kallon fuskarsa, ranta a ɓace, ga kuma tausayi.

"Wallahi Malam," ta ce, "da na san maganinka ke nan, da tun muna da ƙuruciya na tura ka kogi."

Ya yi dariya, irin wadda ta manta yana da ita, har mutane suka waiwayo. Da ta lafa ya ce, "In ruwa ya sauka za ki raka ni Kaugama. In je in goya ɗan jikan nan nawa."

"Wa za ka goya? Ai bana shi ya nome gonar ubansa. Har gemu ya fara."

Hawaye suka gangaro wa Ja'afaru cikin furfura. A gefensa akwai guntun sakainar goran, wanda ya fito da shi daga ruwa bai sani ba. Saude ta duba, ta ga yatsansa a kai yana ta ƙwanƙwasawa.