Shirun Mai Jira

Idan aka tambayi matar Mai Jira abin da mijinta ya fi iyawa a gidan rediyo, cewa take yi, "Shiru." Mutane su yi dariya, su ɗauka tsokana ce irin ta tsofaffin ma'aurata. Ita kuwa iyakar gaskiyarta ke nan.

Ɗan mai gyaran agogo ne, ya taso a shagon da ba a ɗaga murya don kada bugun agogo ya ɓace wa kunne. Ranar da ya fara gabatar da shirin safe, ya matso kusa da makirufo ya ce, "Jama'a, kun tashi lafiya?" Sai ya yi gum. Mai haɗa sauti ya dinga kaɗa masa hannu daga bayan gilashi kamar mai korar ƙuda. Da aka gama, manaja ya kira shi ya ce ba a barin rediyo ba magana.

"Ranka ya daɗe, ai gaisuwa na yi," in ji shi. "Wa zai gaida mutum ya ƙi tsayawa ya ji amsa?"

Tun daga ranar aka laƙaba masa Mai Jira, sunan yanka ya bi ruwa. Gari kuma ya koyi amsawa. Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya ce lafiya lau. Direban bas ya amsa, fasinjoji su bi baya. Masu jinya kan faɗa masa gaskiya, su ce yau dai sai a hankali. Sai ya nisa ya ce, "Madalla. Wanda bai ji daɗi ba, Allah ya ba shi sauƙi." Da aka ba shi shiri a talabijin ma bai sake hali ba, ya karkata kai ya jira, har tsofaffin mata sukan gyara ɗankwali kafin su amsa masa.

Da yake yakan fita kafin gida ya tashi, matarsa ma ta rediyo take samun gaisuwarta. A ɗan shirun nan take cusa labarin gida. "Lafiya lau, amma ka manta hularka." "Famfo ya sake ɗiga." In sun yi saɓani sai ta tsuke baki ta ƙi amsawa. Da yamma ya shigo yana cire takalmi ya ce, "Yau ban ji muryarki ba." Ta san wayo ne, fuskarta ya karanta. Duk da haka wani sashe na zuciyarta ya yarda yana jin ta.

Bayan rasuwarsa gidan rediyon ya ce zai riƙa maimaita tsofaffin shirye-shiryensa da safe. Autarsu, wadda ke aikin tace sauti a can, ita ta karɓi aikin da hannu biyu. Ta kwashe kaset-kaset ɗin da suka fara ruɓewa zuwa kwamfuta, ta cire shuuu, ta cire tari, ta cire duk inda layin sauti ya kwanta ba motsi, wato inda ya yi shiru, yadda aka koya mata. Sannan aka zubar da kaset ɗin.

Uwar ta yi wanka da wuri, ta shafa turaren da yake so, ta zauna gaban rediyo da maganganun da ta tara masa tun ranar jana'iza. Murya ta fito tas, kamar yana ɗakin.

"Jama'a, kun tashi lafiya? Madalla."

Bakinta a buɗe ya wuce ta. Mutumin da bai taɓa katse mata magana ba duk zamansu. Abin ya yi mata ciwo fiye da ranar da aka fita da shi.

Auta ta dawo da murnarta. "Umma, kin ji Baba?"

"Na ji shi. Shi ne bai ji ni ba."

Washegari Auta ta saka shiru na kwamfuta a gurbin. Umma ta saurara, ta girgiza kai. Shirun mijinta akwai numfashi a ciki, akwai ƙarar kujerarsa in ya jingina. "Wannan ba kowa a cikinsa," ta ce, ta lulluɓe rediyon da mayafi.

Kwanaki suka shuɗe. Wata safiya Auta ta cire mayafin, ta kunna rediyon, ta ce, "Don Allah Umma ki bar shi haka," ta fita. Ba ta taɓa zama gaban makirufo ba, kuma sai da ta yi ta roƙo kafin aka ba ta kujerar uban.

Umma na ninke kaya ta ji wata murya siririya tana rawa.

"Jama'a, kun tashi lafiya?"

Shiru. A cikinsa akwai numfashin mai tsoro. Sai kujerar ta yi 'yar ƙararta.

Umma ta ajiye zanen da ke hannunta, ta matso.

"Ban tashi lafiya ba," ta ce a hankali. "Kewarka nake yi."

Rediyon ya jira har ta gama.